Maƙwabciyata da Ƙarar Taya

Uwargida, kin tuna yammacin Juma'ar 20 ga Janairun 2012, da bam ya tashi a hedikwatar 'yan sanda ta Bompai? A Dakata har tagoginmu suka girgiza.

Maƙwabciyata har yau in taya ta fashe sai ta saki abin da ke hannunta. A asibiti ina ganin irinta: ciwon kai, faɗuwar gaba, rashin barci, gwaji kuma lafiya lau. An kwashe shingayen titi, an ce zaman lafiya ya dawo, ita kuwa ba wanda ya tambaye ta.

Ni ma, duk da aikina, sai bara na tambaya. Ta yi kuka sosai. Na raka ta asibitin Dawanau, tana roƙona kada kishiyarta ta ji.