Bukuru: Makarantar da Ke Rainon Fasto da Iyalinsa

Mu mutanen ƙasar Gwandu mun san darajar karatu. A garinmu Wurogauri yaro ba ya gama wayo sai ya ji sunan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da tarin littattafan da ya bari. Amma kaɗan ne a cikinmu suka taɓa tambayar yadda maƙwabtanmu Kirista suke horar da nasu malaman. Mukan ga fasto ya wuce a kan babur da jakarsa a rataye, mu gaisa, kowa ya kama gabansa. Ina ya yi karatu? Wa ya karantar da shi? Me aka koya masa? Amsar da na samu tana can kan tsaunukan Filato, a garin Bukuru, a Kwalejin Tauhidi ta Arewacin Nijeriya, wadda aka fi sani da TCNN.

Wanda ya gayyace ni abokin karatuna ne tun muna sakandare a Birnin Kebbi, mutumin ƙasar Zuru, wanda ya ajiye aikin koyarwa ya kwashi matarsa da 'ya'yansa ya koma ɗalibi. Na bi ta Tambuwal da Sakkwato, na ratsa Gusau da Funtuwa, na yada zango a Zariya. Daga nan mota ta miƙa ta Pambeguwa da Saminaka, sai hanya ta fara hawa. Tun daga gindin tsaunin iska ta sake. A tsakiyar damina sai ga ni ina neman rigar sanyi, hazo ya rufe gari da hantsi, yayyafi na sauka ba tsawa ba guguwa. Jos tana bisa tudun da ya haura mita 1,200 daga gaɓar teku, Bukuru kuwa tana kudu da ita kaɗan, a ƙasar Birom.

Mutumin da ya tashi a fadamun Kabi, inda ido ke tafiya har ya gaji bai ci karo da komai ba, dole ya tsaya ya yi tasbihi a nan. Ga manyan duwatsu, wani a kan wani, har ka rantse iska za ta ture su, alhali tun kaka da kakanni suna nan yadda Mahalicci ya ajiye su. Gonaki an kewaye su da shingen ƙerana mai ƙaya. Abin da ake nomawa dankalin Turawa ne da acca da kabeji da karas. Ko'ina ka waiwaya kuma akwai tafkuna masu zurfi kusa da tsibin jar ƙasa. Waɗannan ramukan kuza ne da kamfanonin Turawa suka haƙa a zamanin mulkin mallaka, suka kwashi arzikin suka bar ramukan ruwa ya cika su. Kuza ce ta tara Hausawa da Ibo da Yarbawa da sauran ƙabilu a Bukuru, har ta zama gari.

Makarantar ta fara karatu a shekarar 1959 a Gindiri, daga baya ta dawo mazauninta na yanzu. Shugabanta na farko wani mishan ne daga Amurka mai suna Harry Boer. Abin da ya bambanta ta da sauran makarantun irinta shi ne ba ta ɗarika ɗaya ba ce. Mallakar wata ƙungiya ce da aka kafa a 1955, Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya, wato TEKAN. A cikin tarayyar akwai COCIN ta Filato, wadda tushenta ke komawa ga zuwan ɗan mishan Karl Kumm garin Wase a 1904. Akwai LCCN ta Numan, wadda 'yan mishan na ƙasar Denmak suka dasa a 1913. Akwai EYN, Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta soma a Garkida a 1923. Ga NKST ta Tibi, ga CRCN ta yankin Takum da Wukari, ga HEKAN mai hedikwata a Kaduna. Kowace ta turo 'ya'yanta su zauna a harabar makaranta guda.

Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne harshe. A aji da Turanci ake karatu, domin makarantar tana da alaƙa da Jami'ar Jos wajen ba da digiri. Amma da zarar an fito, sai ka ji Bachama da Babur da Angas da Jukun da Dakarkari suna hira da Hausa, suna ciniki da Hausa, suna tsawata wa yara da Hausa. Da safe, bayan ƙararrawa ta kira kowa zuwa sujada, na ji an ɗaga waƙa daga Littafin Waƙoƙi da harshen da uwata ta yi mini tawai da shi. Kalmomin da suke amfani da su ba baƙi ba ne a kunnena: addu'a, wa'azi, alheri, gafara, tuba, Ubangiji. Wannan ya samo asali ne tun daga aikin fassara na ɗan mishan Likita Mila da abokan aikinsa Hausawa na Zariya da Wusasa, wanda ya kai ga buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Mu da muke ganin Hausa tamu ce mu kaɗai, ya kamata mu san cewa miliyoyin mutane a Filato da Adamawa da Taraba da kudancin Kaduna da ita suke roƙon Allah.

Abu na biyu shi ne nauyin karatun. Na ɗauka wa'azi kawai ake koya musu. Sai na tarar da abokina, mutum mai furfura a gemu, ya duƙufa cikin dare yana haddar baƙaƙen Ibrananci, harshen Tsohon Alkawari, waɗanda ake rubutawa daga dama zuwa hagu, da na Helenanci, harshen Sabon Alkawari. Ya ce mini, "Malam, wanda zai tsaya gaban jama'a ya ce ga abin da littafi ya faɗa, ai gara ya san yadda aka faɗe shi tun asali." Suna karanta tarihin ikilisiya, da dabarun wa'azi, da yadda ake yi wa ma'aurata sulhu, da yadda ake zama da marar lafiya da wanda aka yi wa rasuwa. Akwai kuma sashe na musamman na ilimin harsuna da fassara, inda ake koya wa ɗalibi yadda zai tsara wa harshen ƙauyensu baƙaƙe, ya rubuta shi, ya fassara littafi da shi. A ƙasar da ke da harsuna fiye da 500, wannan aiki yana ceton harsunan da ke bakin gushewa. A harabar ne kuma kamfanin littattafai na ACTS yake da hedikwatarsa, inda ɗalibai ke sayen littattafan da za su riƙe har ƙarshen aikinsu.

Sai dai abin da ya fi ratsa ni yana wajen aji, a layin gidajen masu aure. Ɗakuna ne ƙanana a jere, ƙofa na kallon ƙofa, igiyar shanya guda, famfo guda. Matar Batibe tana kirɓa sakwara, maƙwabciyarta 'yar Birom tana dama gwate, wata daga Mubi tana tuƙa tuwon dawa da miyar yakuwa, kuma kafin a kai loma baki kwanuka sun riga sun zagaya gida-gida. Yara ba su san ɗakin wa ya kamata su ci abinci ba, duk inda yunwa ta same su nan ne gida. A bayan ɗakunan kowa ya kafta ɗan fili ya shuka masara da ganye, domin kuɗin da ikilisiya ke aiko wa ɗalibinta ba ya kai wata. Wanda nasa ya makara, maƙwabci ke auna masa tiya.

Matan ma ba zaman jira suka zo yi ba. Akwai mata da ke karatun digiri kafaɗa da kafaɗa da maza, akwai kuma darussan da aka shirya wa matan ɗalibai, na Littafi Mai Tsarki da kiwon lafiya da sana'ar hannu. Matar abokina ta bayyana mini dalili. Ta ce, "Kawun yara, duk ƙauyen da aka tura mu, shi za a kira Baba, ni a kira ni Mama. Mai naƙuda ƙofata za ta buga, wadda ta yi yaji wurina za ta kwana. In ban koya a nan ba, a ina zan koya?" Da yamma na ga 'yan Zumuntar Mata sun taru da zannuwansu iri ɗaya, suna kaɗa tulu da caki, suna bita. Matar abokina ce za ta jagoranci irin wannan taro wata rana.

Wannan tsari ya tuna mini da makarantun zaurenmu na da, inda almajirin ilimi ke zama a gidan malaminsa shekara da shekaru, yana ɗaukar karatu da safe, yana ɗaukar hali dare da rana. A Bukuru ma malamai a cikin harabar suke zaune. Ɗalibi yana ganin yadda malaminsa ke magana da matarsa, malami kuma yana jin in an ɗaga murya a ɗakin ɗalibi. Ba inda mutum zai ɓoye halinsa.

Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji Hausawa, kuma saɓanin yana nan. 'Yan LCCN suna yi wa jarirai baftisma, 'yan EYN kuwa sai mutum ya girma ya furta da bakinsa, sannan a nutsar da shi cikin ruwa sau uku. 'Yan EYN suna wanke wa juna ƙafa a bukinsu na ƙauna, wasu ba sa yi. Na zauna a gindin bishiya na ji ana musu mai zafi a kan waɗannan, kowa na buɗe littafi yana kawo hujja. Da ƙararrawa ta kaɗa, suka tashi tare, wanda ya fi kowa ɗaga murya ya ɗauko wa abokin musunsa kujera. Ba wanda ya bar ra'ayinsa, ba kuma wanda ya fitar da ɗan'uwansa daga addini.

Akwai hawaye a wannan zama. A watan Afrilun 2014 aka sace 'yan matan Chibok, waɗanda yawancinsu 'ya'yan EYN ne, a watan Oktoba na shekarar kuma mayaƙan Boko Haram suka mamaye hedikwatar ikilisiyar da ke Kwarhi kusa da Mubi. Wasu daga cikin ɗaliban da na gaisa da su a wancan tashin hankali suka rasa iyaye da gidaje. Bukuru kanta ta ɗanɗana rikicin 2010, wanda ya ci Musulmi da Kirista. Na shiga da fargabar yadda irin waɗannan mutane za su karɓi baƙo mai tasbaha a hannu. Da lokacin azahar ya yi, wani ɗalibi daga kudancin Borno ne ya cika mini buta, ya shimfiɗa tabarma, ya nuna mini gabas, ya kori yara kada su gitta. A kan teburinsa na ga tarjamar Alƙur'ani ta Hausa ta Sheikh Abubakar Gumi. Ya ce yana karantawa ne don ya san abin da maƙwabcinsa ya gaskata daga tushe, maimakon ya ji a bakin masu zuga.

Na dawo Wurogauri da addinina kamar yadda na tafi da shi, abokina ma yana kan nasa. Amma yanzu na san cewa faston da ke wucewa a kan babur ya yi shekaru yana haddar harsuna, ya yi noma da hannunsa, ya ci kwano ɗaya da wanda suka saɓa fahimta. Irin wannan mutum ya cancanci a zauna da shi a yi magana ta ilimi. Kirana ga malamanmu na Gwandu da Kalgo da Birnin Kebbi shi ne su riƙa kai ziyara irin waɗannan makarantu, su kuma buɗe ƙofar zaurukansu ga masu son zuwa. Ga masu gina makarantun addini na zamani kuma, kada a raba karatu da zaman tare, domin a cikin zama ake gane wanda ya isa a damƙa masa jama'a. Mai karatu, in hanya ta kai ka Filato, ka ratsa Bukuru ka gani da idonka. Gani ya kori ji.