Hanyar Ho Chi Minh: Inda Mai Keke Ba Ya Ratse

A kan iyakar ƙasar Biyetnam da ƙasar Laos akwai jerin duwatsu masu duhun kurmi waɗanda mutanen Biyetnam ke kira Truong Son. Ta cikinsu ne wata hanya ta ratsa wadda sunanta ya cika gidajen rediyon duniya a zamanin yaƙin Biyetnam, wato Hanyar Ho Chi Minh. Amurkawa ne suka laƙaba mata wannan suna, su kuwa masu ita Hanyar Truong Son suke ce mata. Tun shekarar 1975 yaƙin ya ƙare, kuma baƙin da ke bin ta a yanzu 'yan yawon buɗe ido ne, wasu a kan babur, masu ƙarfin hali kuwa a kan keken hawan dutse, irin mai kaurin tayar nan da giya barkatai.

Ran 19 ga watan Mayu na 1959 ne gwamnatin Biyetnam ta Arewa ta kafa wata runduna mai suna 559, wato wata na biyar na shekarar 59, ta ɗora mata aikin kai makamai da guzuri ga mayaƙanta da ke Kudu. Da yake an toshe iyakar da ta raba ƙasar biyu, sai aka zaga ta cikin Laos da Kambodiya. Ba hanya guda ba ce kamar yadda sunan ke nunawa. Turbobi ne rututu, sun sarƙe da juna kamar saƙar gizo, jimillarsu dubban kilomita, ta yadda in aka datse ɗaya sai a koma wata.

Ashe keke ba baƙo ba ne a wannan hanya. Kafin manyan motocin Rasha da na Sin su karɓe aikin a tsakiyar shekarun 1960, 'yan dako da kekuna ne suka ɗauki kaso mai yawa na kayan. Dabarar kuwa tun yaƙinsu da Faransa suka gwanance da ita, a Dien Bien Phu cikin 1954. A ƙarfafa jikin keken da ƙarfe ko itace, a ɗaura wata gora a kan keken domin sarrafa shi, a kafa wata a wurin sirdi domin turawa da tare shi a gangare, sa'an nan a lafta masa buhunan shinkafa da akwatunan harsashi har kilo 200, gwanaye ma har fiye da 300. Ba hawa ake yi ba, turawa ake yi. Duk wanda ya taɓa ganin mai keke ya jibgo buhunan hatsi yana nishi a kan hanyar kasuwar ƙauye ya san kamannin abin, sai dai wannan a cikin dare ne, ba fitila, ga jirage a sama.

Amurka ba ta bar wata dabara ba wajen rufe hanyar. Daga 1964 zuwa 1973 jiragenta sun zuba wa Laos bama-bamai fiye da tan miliyan 2, mai yawa daga ciki a kan wannan hanya. Ta watsa na'urorin sauraro masu kama da tsiro a cikin daji domin su riƙa jin motsin motoci. Har gajimare ta riƙa yi wa feshi daga 1967 zuwa 1972 domin damina ta yi tsawo, hanya ta zama taɓo. Duk da haka hanyar ba ta mutu ba. Abin da ta ci na rayuka kuwa, maƙabartar Truong Son da ke lardin Quang Tri ta isa shaida, da kaburbura sama da 10,000.

To, mai niyyar bin ta da keke a yau sai ya lura da abu biyu. Na farko, shimfiɗeɗɗen titin kwaltar nan da Biyetnam ta soma ginawa a 2000 ta sa masa sunan Ho Chi Minh, titi ne mai kyau, amma ainihin tsohuwar hanyar galibinta tana ɓangaren Laos, daga mashigin Mu Gia a lardin Khammouane, ta bi ta Sepon, ta gangara har Attapeu. Na biyu, tafiyar ta rani ce, daga Nuwamba zuwa wajen Maris. Da ruwa ya sauka a Mayu jar ƙasar nan takan zama laka mai kama taya ta cushe sarƙa, koguna su cika su kwashe gadojin gora, matsattsaku kuma su fito neman jini. Ko a ranin ma, akwai wuraren da har yanzu duwatsun da aka jera da hannu lokacin yaƙi suna nan, gargadarsu ta isa ta kwance duk wani ƙusa da ke jikin keke, akwai kuma hawan da dole mutum ya sauka ya tura, ya ɗanɗani kaɗan daga abin da masu gorar nan suka sha.

A ƙauyukan da ke bakin hanya, ƙarfen yaƙi ya zama kayan gida. Kwankon bam ya zama ginshiƙin rumbu da shingen lambu da tukunyar shuka albasa. Tankunan mai da jirage suka yar an tsaga su an yi kwalekwale. Ramukan da bam ya haƙa sun zama tafkunan kiwon kifi da wurin kwanciyar ɓauna. Baƙo kan tsaya ya ɗauki hoto yana mamaki, yara kuwa su tsaya suna mamakin abin da ya gani a wurin.

Amma akwai doka guda wadda kowane ɗan jagora ke fara faɗa wa mahaya: kada a kauce daga inda sawu ya bi. Ba a yanke hanya ta cikin ciyawa, ba a shiga daji kama ruwa, ba a hura wuta a ƙasar da ba a sani ba, ba a ɗaukar wani ƙarfe mai kama da lemo. Dalili kuwa shi ne, a cikin abin da aka zuba akwai ƙananan bama-bamai kimanin miliyan 270, kuma an ƙiyasta har kashi 30 cikin ɗari ba su tashi ba. Suna nan kwance. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan waɗanda ba a ma haife su ba lokacin yaƙin su ne ruwan ke duka: fiye da mutum 20,000 ne suka mutu ko suka naƙasa tun bayan 1973, da yawansu yara. Mai keke kwana goma ko wata guda zai yi yana kaffa-kaffa ya koma gida. Manomi kuwa tilas ya sa fartanya a wannan ƙasar kowace damina.

Cikin 2015 wata shahararriyar 'yar tseren keke Ba'amurkiya, Rebecca Rusch, ta bi hanyar wajen kilomita 1,900 tare da wata zakarar keke ta Biyetnam, Huyen Nguyen. Ba kambi ta je nema ba. Mahaifinta sojan sama ne da aka harbo jirginsu a kudancin Laos a watan Maris na 1972, tana 'yar shekara uku, ta kuwa isa wurin da jirgin ya faɗi a yankin Ta Oy, mutanen wurin da aka yi wa ruwan bam su ne suka raka ta. An yi fim ɗin tafiyar a 2017, ita kuma ta shiga tara kuɗin kwashe bama-baman.

Aikin kwashewar yana hannun hukumar UXO Lao, wadda aka kafa a 1996, da ƙungiyoyin waje irin su MAG. Shugaba Obama da ya ziyarci Laos a 2016 ya yi alkawarin dala miliyan 90 cikin shekara uku domin wannan aiki. Mai keke kan ci karo da ma'aikatan a gefen hanya, maza da mata, suna tafe taku ɗaya-ɗaya da na'urar gano ƙarfe a tsakanin turakun da aka shafa wa jan fenti. In sun tara abin da suka tono, sai a tsayar da masu wucewa, a yi shela da lasifika, a kora dabbobi, kowa ya jira har ƙarar ta tashi ƙurar ta lafa, kana a ɗaga hannu mai keke ya taka feda ya wuce.