Kibiya Mai Taurin Kai

Fiye da shekara talatin bakan yana rataye a ɗakin mahaifinsa a Maraɗi, ba tsirkiya, ba kibiya. Wani Ba'amurke da mahaifin ya yi wa aikin tuƙi ne ya bar masa shi ranar da zai koma gida. Tsohon bai taɓa harbi ba. Yakan dai sauko da shi lokaci-lokaci ya share ƙura ya mayar. Da ya rasu aka zo rabon gado, babu wanda ya waiwayi bakan sai autan gidan, wani malamin makaranta, wanda ya ƙudurta cewa sai ya ji kukan tsirkiyarsa.

Rubutun da ke jikinsa ya ba da rabin tarihinsa. Kodiak Magnum ne, ƙirar kamfanin da Fred Bear ya kafa, wanda ya zauna a garin Grayling na jihar Mishigan daga 1947 har 1978, lokacin da ya koma Fulorida. An fara fito da wannan samfuri a 1961, saboda haka shekarar 1953 da aka buga a reshensa ba ta haihuwarsa ba ce, ta rajistar ƙira ce a Kanada, kuma ta sha ruɗa masu saye. Tsawonsa inci 52, wato santimita 132. Gajere ne da gangan, don maharbin da ke ratsa kurmi ko yake tsugune a maɓoya. An yi rassansa da siraran katako da zaren gilashi da aka manne, ƙarshen kowanne ya sake lanƙwasawa gaba. Kusa da mariƙi an rubuta 45 da 28: ƙarfinsa laba 45 ne, kimanin kilo 20, idan aka ja tsirkiya inci 28.

Tsirkiya ba ta ba shi wahala ba, don ya yi tambaya kafin ya saya. Zaren zamani da ba ya miƙewa yakan iya tsaga kan tsohon baka, saboda haka Dacron aka kawo masa, wanda ke da ɗan sassauci. A wajen kibiya ne ya yi gaggawa.

Da farko ya nufi ƙauyen kawunsa, kudu da gari, kusa da dajin Baban Rafi. Kawun tsohon maharbi ne, ya daɗe da ajiye farauta amma bai rabu da kwarinsa ba. Ya zazzage kibau a kan tabarma: jikin kyauro, kan ƙarfe mai kunnuwa, babu gashi ko ɗaya. Saurayin ya ɗauki guda ya gwada a hannu, sai ya ga ba ta kai tsawon jansa ba; in ya cika ja, tsinin zai zame bayan mariƙi ya fuskanci hannunsa. Ya kai ta wurin maƙerin azurfa aka ɗora a sikeli, ba ta cika giram 15 ba, alhali masu irin wannan baka suna neman giram 23 zuwa 29. Dalilin ba ƙaƙale ba ne. Ƙarfin da baka ya tara dole ya sami inda zai tafi. In kibiya ta yi sauƙi ƙwarai, ragowar yakan koma cikin rassan, kusan kamar an saki tsirkiya babu kibiya. Sabon baka yana iya jurewa. Mannin da ya haura shekara hamsin, ya kuma sha zafin bazarar Maraɗi a ƙarƙashin kwano, ba abin gwaji ba ne. Kibiyar kawu ba ta da laifi; don wani aiki aka yi ta. Ita dafin kwankwani take kaiwa, ya ishe ta ta huda fata. Bakan Mishigan kuwa da nauyi da kaifi yake kisa.

Sai ya aika wa wani ɗan uwansa ɗalibi a Faransa kuɗin da ya ɗauke shi wata biyu yana tarawa, ya ce a sayo masa kibau shida na kabon. An tambaye shi lamba: 500 ko 400? Ya yi tunani cewa tsoho abu mai laushi yake so, ƙaramar lamba kuma ai ita ce mai rauni. Ya ce 400.

Lambar ta yaudare shi ne saboda ba abin da sunanta ya nuna take aunawa ba. Kalmar da Turawa ke kiran wannan sifa da ita, ma'anarta ta asali ƙashin baya, kuma duk wanda ya ji haka zai zaci ƙarfi ake ƙirgawa. Ga yadda ake yi: a ɗora sandar kibiya a kan matokara biyu masu tazarar inci 28, a rataya giram 880 a tsakiya, a duba yadda ta sunkuya. In ta sauka rabin inci, ita ce 500. In ta sauka ƙasa da haka, kamar milimita 10, ita ce 400. Sunkuyawa ake ƙirgawa, don haka ƙaramar lamba ta fi tauri. Hausa ma ba ta da kalma guda da ta dace daidai. Tauri ya fi kusa, amma yana ɗauke da ma'anar dutse da busasshen nama, abin da ba ya lanƙwasa sam. Ƙwari kuma inganci yake nufi, ga shi a rubuce ƙugiya ɗaya ce ta raba shi da kwarin da ake zuba kibau, wanda shi ma sai karin sauti ke raba shi da kwarin da ruwa ke bi.

Kibiya kuwa sai ta lanƙwasa. Lokacin da yatsu suka saki tsirkiya, tana ɗan zamewa gefe, tana tura kibiyar daga baya, kan ƙarfen kuma bai riga ya motsa ba. Sandar sai ta lanƙwashe, ta kewaye mariƙin tana karkaɗawa kamar kifi, sannan ta miƙe. In ta yi laushi da yawa, ga mai harbi da hannun dama, takan faɗa dama. In ta yi tauri, hagu.

Nasa duka hagu suka riƙa tafiya. Kowace yamma yakan sauka gulbi, inda rani ya bar yashi, ya jingine buhun ƙaiƙayi a taku ashirin. Ya ɗora laifin a kan hannunsa, kuma yana da hujja, domin gajeren baka ba ya yafiya: in an cika ja, tsirkiya takan yi ƙunci ta matse yatsu uku wuri ɗaya, ƙaramin kuskuren saki ya zama babba a wurin buhu. Ya gyara tsayuwa, ya gyara riƙo, ya ɗinka wa yatsunsa fata. Bugu da ƙari jansa bai wuce inci 27 ba, kowane inci da ya rage kuma yana rage laba biyu zuwa uku, ke nan kibiyar ta ƙara fin ƙarfin bakan. Gashin talotalon da ke gindinta yana gyara tafiyarta a iska, har ta shiga buhu a miƙe kamar ba abin da ya faru.

Kawun ya shigo gari ranar kasuwa, ya bi shi gulbi ya zauna a kan yashi yana kallo. Bayan harbi kamar goma ya ce, “Ɗana, mi kake nema ga gashin tsuntsu? Fige shi mu ga gaskiyarta.”

“Kawu, da tsada na saye su.”

“Guda ɗai na ce.”

Ya fige. Kibiyar ta tashi a karkace, ta wuce buhun ta hagu, ta kafe a yashi gindinta na kallon dama. Tsohon ya ɗauko ta, ya tokara kanta a ƙasa, ya danna tsakiyarta da tafin hannu. “Kibiyar ga taurin kai gare ta,” in ji shi. “Ƙara mata ƙarfe ga kai.”

Abin da ya umarta shi ne ainihin gwajin da ƙwararrun maharban Amurka ke yi in suna son daidaita kibiya da baka: su harba marar gashi tare da masu gashi, su ga inda kowacce ta faɗa. Su sai lokacin gwaji suke ganin tsirarar kibiya. Shi kuwa duk rayuwarsa da ita ya ci abinci, kuma kyauron da bai dace da bakansa ba tun a gida yake jefar da shi. Maganin nasa ma daidai ne: in kai ya ƙara nauyi, ya fi jinkirin motsawa, sandar sai ta ƙara lanƙwasa a bayansa. Ɗalibin harshe zai lura cewa an yi maganin taurin kai da nauyin kai, siffofi biyu da babu malamin da ke so ga almajirinsa.

Kan da ya zo da kibau giram 8 ne. Wani mai injin sassaƙar ƙarfe ya fitar masa da sababbi na tagulla, ya lalata biyu kafin zaren dunƙulen ya shiga. Na giram 12 ya rage karkatar. Na giram 16 ya kai marar gashin cikin buhu, tazarar tafin hannu daga ƴan uwanta. Kowace kibiya ta koma kusan giram 35. In an wuce taku ashirin da biyar tana saurin faɗuwa, amma ƙarar da bakan ke yi da girgizar da ke dukan hannu sun kwanta, ya koma wani gajeren gunji mai taushi.

Kawun ya karɓa ya ja sau ɗaya, tsirkiya ta cije masa yatsu, ya miƙa ba tare da ya harba ba. Ya ce a kawo masa shi ƙauye bayan girbi.

Har yanzu saurayin bai mayar wa kibiya ta shida gashinta ba. Da ita yake fara harbi kowace yamma. Ba ya wuce ashirin a rana. In ya gama yakan kwance tsirkiya, ya bi rassan da yatsa yana neman inda manni ya buɗe, sannan ya shimfiɗa bakan a ƙarƙashin gado, a ɗakin ƙasa da ya fi sanyi a gidan.