Kaboyin da ya yi rani ɗaya a Badagishiri

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Akwai wani malamin lakwal a Badagishiri, wanda furfura ta fara kama masa gemu, da ba ya musun wannan magana, sai dai yakan ce akwai barar da mutum ke tunawa ko da bana ta yi albarka. Tasa barar ita ce ranin da ya biyo bayan girbin 1988, sa'ad da yake ɗan shekara 12 yana ajin ƙarshe na firamare, lokacin da wani Bature mai doki da gajeriyar bindiga ya sauka a unguwarsu, ya yi ƴan watanni, ya ɓace.

Kowa ya san ƙasar Adar ya san bida. Garin yana bisa hanyar da ta taso daga Ƙwanni zuwa Tawa, kuma da wuya a sami gidan da ba shi da ɗa a Abijan ko Legas. A wannan shekara wani kawunsa ya dawo daga Abijan don ya yi aure, ya zo da akwatin telbijin, da na'urar bidiyo, da ƙaramin injin wuta. Telbijin ba baƙo ba ne ɗungum a lokacin, domin Télé Sahel ta fara aiki tun 1979, gwamnati kuma ta raba akwatunan kallo na jama'a masu aiki da hasken rana a garuruwa da dama. Abin da ba a saba gani ba shi ne akwatin da mai shi ke ba umurni, ya tsayar da doki yana tsaka da sukuwa, ya maido mamaci ya sake faɗuwa. Kawu ya kewaye wani fili da zana, ya sa kuɗin shiga dala biyar, yara kuma su biya da abin da suka samu, ko da ɗibar ruwa ne.

Cikin kaset-kaset ɗin da ya zo da su akwai ɗaya marar suna, marar hoto a baya, wanda ya ce a kasuwa ya tsince shi. Labarai bakwai ne a ciki, gajeru, baƙi da fari, cikin Faransanci. Jarumin siriri ne, mai ƙarancin magana, da bindigar da aka datse wa baki da gindi tana rataye a cinyarsa. Yakan ciro takarda mai hoton wani daga bango, ya naɗe, ya hau doki, ya bi sawu. Mutanen cikin labarin suna kiransa da wani suna da kunnen Ba'adare ya ji kamar Josrandal, haka kuwa sunan ya zauna.

Da yake mafi yawan masu kallo ba su shiga lakwal ba, sai aka ɗora yaron bisa turmi kusa da akwatin, aka ce ya riƙa fassara. Nan ya fara sanin nauyin kalma. Faransancin littafi daban, na kaboyi daban, kuma inda bai gane ba sai ya cike da abin da ya ga dama. Daren farko ya ji an kira mai tauraro a ƙirji da shérif, ya shaida wa jama'a cewa Sharifi ne. Wani dattijo ya girgiza kai, ya ce bai taɓa ganin Sharifi da tabar sigari a baki ba. Washegari ya tambayi malaminsu.

«Mushe, mine ne shérif?»

«Ina ka ji shi?»

Ya sunkuyar da kai, domin an hana ƴan lakwal yawon dare. Malamin ya dube shi jim, sa'an nan ya ce shugaban dogaran gari ne, ya ƙara da cewa tun da ya ɗauki aikin tafinta, to, kowace safiya ya kawo masa kalma biyar da ya ji bai sani ba. Kafin zafi ya shigo ya cika rabin littafi. Har yau yana cewa wannan turmi ne ajinsa na farko.

Cikin ƴan makonni unguwa ta cika da Josrandal. An ƙera bindigogi da karan dawa, an datse su daidai yadda aka gani. Jakunan da ke kai taki gonakin albasa suka zama dawaki, har iyaye suka fara ɗaure su da igiya biyu. Ranar Alhamis, in kasuwa ta ci, yaran sukan tsaya a kan tudu su dubi Fulani da Buzaye suna shigowa da garke cikin ƙura, su ga kamar akwatin kawu ne ya fashe ya zubo waje. Ba su san cewa sun fi kusa da gaskiya fiye da yadda suke zato ba. Kaboyi na ainihi makiyayi ne ɗan ƙodago, mai kora shanu daga Tekzas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas, zamanin da bai wuce shekara 20 ba bayan 1866, kuma da yawa daga cikinsu baƙaƙen fata ne da ƴan Meziko, waɗanda silima ba ta cika nunawa ba.

Mutum ɗaya ce abin bai burge ba, wato kakarsa. Ta zo kallo sau ɗaya, ta zauna a bayan mata, ta ga jarumin ya ɗaure wani ya jawo shi gari, an ƙirga masa kuɗi ya sa aljihu. Da suka koma gida ta kira jikan nata da sunan wasan da ta saba.

«Kai maigida, wanga mutum naka, mi ad bambancinai da masu kamun bayi?»

Ya yi ta bayani cewa miyagu kaɗai yake kamawa, kuma sau da yawa yakan ba mabukata ladan. Ta ce ita dai ta ga an sa wa ɗan Adam farashi, ta juya ta kwanta. A lokacin ya ɗauka tsufa ne.

Labari na bakwai bai taɓa ƙarewa ba. Kaset ɗin na awa 3 ne, zaren yana ƙarewa daidai lokacin da Josrandal ke tafe da wani ɗaurarre, gari yana hange, wasu mahaya kuma suna jiransu a hanya. Kowane dare sai filin ya ɗauki ihu, kowa ya kawo nasa ƙarshen, a yi ta gardama har gida. Daga baya ƙurar hunturu da yawan juyi suka cinye zaren, hoto ya fara rawa, wata rana na'urar ta tauna shi. Kawu ya liƙa da ƙaro, bai yi ba. Kafin damina ya sayar da injin, ya ɗauki amaryarsa ya koma Abijan.

An yi shekara fiye da 30 kafin malamin ya san sunan abin da ya fassara. Wani ɗalibinsa ne ya nemo masa a wayar hannu, da ya kwatanta masa bindigar. Shirin telbijin ne na Amurka, sunansa Wanted: Dead or Alive, wato ana neman mutum a mace ko a raye, Faransawa kuma suka sa masa Au nom de la loi lokacin da suka fara nuna shi a 1963. Tashar CBS ta nuna shi daga 1958 zuwa 1961, kashi 94 ke nan cikin shekara uku. A ma'aunin irinsa gajere ne, tun da Gunsmoke ya yi shekara 20, daga 1955 zuwa 1975, da kashi 635. Jarumin kuwa Steve McQueen ne a matsayin Josh Randall, wanda tauraronsa ya haska a silima da The Magnificent Seven a 1960, ya bar telbijin bai waiwayo ba. Abin da ya fi taɓa malamin shi ne jin cewa McQueen ya mutu tun watan Nuwamba na 1980, yana da shekara 50. Ashe mutumin da suka yi ta yi wa kirari a bayan zana ya shekara 8 a kabari.

Ya kuma gano abin da bai so ba. A cikin labarin, Randall tsohon sojan Kudu ne, wato rundunar jihohin da suka yi yaƙi daga 1861 zuwa 1865 don kada a hana su riƙe bayi. Da ya karanta haka ya ajiye wayar, ya tuna kakarsa, wadda ba ta san Amurka a gabas take ko a yamma ba.

Zamani ma ya ba tambayar tsohuwar wani nauyi. A shekarun nan bindiga ta fito daga akwati. Mahaya babura sun kore shanu, sun kama mutane a Zamfara da Sakkwato da ƙauyukan bakin iyaka na Maraɗi da Tawa, sun yanka musu kuɗin fansa. A ranar 21 ga Maris 2021 an kashe mutum 137 a ƙauyukan Tiliya, a arewacin jihar, bisa ƙidayar gwamnati. Malamin da ke ganin yara suna datse kara a filin lakwal ba ya iya yin dariyar da ya yi a 1988. Shi ya sa, da ƙungiyar al'adu ta garin ta nemi ya zaɓi fim don daren ɗalibai, ya kwana biyu yana juyayi. Zuciyarsa tana son ta nuna musu Josrandal, hankalinsa yana tambaya ko ya dace.

Mafitar ta zo masa daga Tawa, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a mota. Can ne Mustafa Alasan, ɗaya daga cikin iyayen silimar Nijar, ya yi zaman ƙarshen rayuwarsa kafin rasuwarsa a 2015. Tun 1966 ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin wani saurayi da ya dawo daga Amurka da akwati cike da tufafin kaboyi, ya raba wa abokansa, suka canza sunaye, suka hau dawaki, wasa ya rikiɗe ya zama ɓarna a kan ƴan'uwansu. Jingare Maiga da Zalika Sule suna cikin ƴan wasan. Fim ne na kusan rabin awa, kuma malamin ya ga kawunsa a ciki, ya ga kansa bisa jakin gonar albasa. Abin da ya ɗauki shekara 30 yana fahimta, ɗan ƙasarsa ya riga ya faɗe shi shekara 10 kafin a haife shi.

Sai ya nuna su biyun a dare ɗaya, na Amurka da farko, na gida daga baya, ya tsaya gefen farin zane yana fassara kamar dā. Da aka gama ya jefa wa ɗaliban tambayar kakarsa, bai ba su amsa ba. Wata yarinya ta ce bambancin shi ne Randall yana kai mutum gaban alƙali. Wani yaro ya ce in alƙali ya ƙi biya, zai kai shi? Aka yi ta muhawara har mai injin ya ce mai ya kusa ƙarewa. Malamin ya koma gida yana ganin cewa itacen da ake son tanƙwarawa tun yana ɗanye, ba a raba shi da rana, kuma yaron da aka koya wa tambayar abin da ya kalla ya fi wanda aka rufe wa ido tsira.

Soyayyar kuwa ba ta tafi ba. Har yanzu in ya ji kiɗan buɗe shirin yakan ji warin man injin da na gyaɗar da mata ke soyawa a bakin zana, ya ji muryar kawunsa, wanda ya rasu a Abijan, yana korar masu leƙe. Cikin kashi 94 ya kalli fiye da rabi, ya sami shida na kaset ɗin, bai kai ga na bakwai ba. Tsofaffin abokan wasansa, waɗanda yanzu wasu dillalan albasa ne wasu limamai, sukan tare shi ranar kasuwa su tambaye shi ko ɗaurarren ya isa gari da rai. Yakan ce su ƙara haƙuri, in an biya albashi zai sa kuɗi a waya ya ci gaba da nema.