Cinyar Uwa Ba Kujerar Mota Ba Ce

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi wa 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta magana a kan yadda mu ke ɗaukar 'ya'yanmu a mota. Ni ba direba ba ne, ba kuwa likita ba. Akawu ne ni, mai 'ya'ya uku, aikina lissafi, lissafin ne kuwa ya hana ni yin shiru.

Kowa ya san yadda a ke yi. In za a tafi biki ko gaisuwa, maigida na tuƙi, uwargida na gefensa, jariri na bisa cinyarta. In ka yi magana sai a ce maka, ai tana riƙe da shi. To, jama'a, bari mu auna wannan riƙo. Mota mai gudun mil 30 a sa'a, watau wajen kilomita 50, in ta yi karo da abin da ba ya motsi, daidai ta ke da wadda ta faɗo daga tsawon mita 10, kamar daga saman bene mai hawa uku. Motar ta tsaya, amma abin da ke ciki bai tsaya ba, sai ya ci gaba da tafiya da ƙarfin da ya kan kai nauyinsa sau 30. Yaro mai kilo 10 ya zama kilo 300 ke nan, nauyin buhun siminti shida. Wace uwa ce za ta riƙe buhu shida da hannu biyu, cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba? In kuwa ita ma ba ta ɗaura bel ba, jikinta ne zai danne yaron. In ta haɗa kanta da shi cikin bel guda, nauyinta zai matse shi a jikin bel ɗin.

Kada wani ya zaci mu kaɗai ne mu ka amince da hannun uwa. A Amurka, jihar Tenesi ce ta fara kafa dokar kujerar yara, bayan wani likitan yara, Dokta Robert Sanders, ya daɗe yana roƙon majalisarsu. Dokar ta fara aiki ran 1 ga Janairu, 1978, ta shafi yara 'yan ƙasa da shekara 4. Amma 'yan majalisa ba su yarda da ita ba sai da a ka sa wani sharaɗi, cewa ba laifi in babba ya rungume yaro. Da su ka ga yaran da a ke rungumewa suna mutuwa, sai su ka soke sharaɗin a 1981. Zuwa 1985 duk jihohi 50 na ƙasar sun kafa irin wannan doka. Su da gawar 'ya'yansu su ka koyi karatun nan. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Dokar da ta fi shiga raina ita ce ta Ingila, wadda ta fara aiki a watan Satumba, 2006, mutum kuwa ya iya haddace ta, domin gajeruwa ce. Tun 2006, tilas yaro ya zauna a kujerar da ta dace da shi har ya cika shekara 12, ko tsawonsa ya kai santimita 135, watau ƙafa 4 da inci 5, duk wanda ya riga zuwa. Direba a ke tuhuma, ba yaro ba, tarar kuwa ta kan kai fam 500 in an je kotu. Haramun ne kuma a sa jariri mai fuskantar baya a kujerar gaba muddin jakar iska tana aiki, domin in ta fashe, bayan kansa za ta doka.

Wani zai ce, don me za a sa jariri ya juya wa hanya baya? Dalili yana jikinsa. Kan jariri ya kan kai kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa duka, na babban mutum kuwa bai wuce kashi 6 cikin 100 ba, ga shi wuyan jariri bai yi ƙwari ba. In yana fuskantar gaba a ka yi karo, maɗauri ya riƙe jiki, kai ya yi gaba, wuya ya ɗauki nauyin duka. Wani malamin jami'a a ƙasar Suwidin, Bertil Aldman, shi ya lura da yadda masu tafiya sararin sama su ke kwanciya rigingine sa'ad da kumbo zai tashi, don bayansu ya ɗauki ƙarfin. Sai ya ƙera kujera mai fuskantar baya a 1964, wadda ke tallafe kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya. Ƙa'idar Turai ta 2013 ta ce jariri ya zauna haka har wata 15, mutanen Suwidin kuwa su kan bar nasu har wajen shekara 4.

Saura yaron da ya girme wa kujerar jarirai, amma bai kai babba ba. Nan ne yawancinmu mu ke sakaci, mu ɗaura masa bel mu ce shi ke nan. Bel ɗin nan mai bi ta kafaɗa da ƙugu, wanda Nils Bohlin ya ƙirƙira wa kamfanin Volvo a 1959, a jikin babban mutum a ka auna shi, kamar yadda tela ke auna riga. A jikin yaro, na kafaɗa ya kan hau wuya, na ƙugu ya hau ciki, inda babu ƙashi sai hanji. Maganin wannan shi ne matashin ƙarin tsawo, wanda Volvo ya fito da shi a 1978: yaro ya zauna a kai, ya ɗaga, bel ya faɗa bisa ƙashin kafaɗa da na ƙugu. Shi ya sa dokar ta ambaci tsawo. Na yi zane a jikin ƙofar ɗakinmu daidai santimita 135. Babbar 'yata, mai shekara 8, da sauranta wajen taƙi guda, ko da ya ke ita gani ta ke ta girma.

Amfanin ba zato ba ne. Bisa lissafin hukumomin Amurka, kujerar yara na rage mutuwar jarirai da kashi 71 cikin 100, ta 'yan shekara 1 zuwa 4 da kashi 54. Matashin kuma na rage mummunan rauni ga 'yan shekara 4 zuwa 8 da kashi 45, in an gwada da bel kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2023 cewa haɗarin hanya na kashe mutum wajen miliyan 1.19 a shekara, ba kuwa abin da ya fi shi kashe 'yan shekara 5 zuwa 29.

Na san abin da za a ce mini. Wata gwaggota ta ce, “Kai ɗan nan, mu da mu ka goya ku, wace kujera mu ka sani?” Na ce, “Gaskiyarki, Gwaggo, amma ke da ƙafa ki ke tafiya, in kin yi tuntuɓe zane ya isa.” Wani kuma zai ce tsada. Ban musa ba, talaka mai shiga motar haya ba shi da zaɓi, ko dokar Ingila ma ta sassauta wa tasi, in dai yaro na baya. Maganata da mai motar kansa ce, wanda ya iya sayen taya da mai, ya ce kujera ta fi ƙarfinsa. Kujera guda ta kan yi wa wa da ƙane, muddin ba ta taɓa shiga haɗari ba.

A Nijeriya an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra a 1988, ta kuma fara tilasta ɗaura bel a 2003. Manya sun sami rabonsu. Roƙona ga malamai su auna almajiransu, su aika wa iyaye da labari. Ga akawuna kuwa, mu fara da abin da ba ya cin ko kwabo: yaro ya koma kujerar baya tun yau, kada a haɗa mutum biyu cikin bel guda. Sa'an nan a yi tanadin kujera tun kafin ranar suna, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Haza wasalamu.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Zariya.