Sunayen Lokutan Shekara a Bakin Bahaushen New Bell

Duk ɗalibin da ya fara nazarin Hausa, da wuri ake haɗa shi da sunayen lokutan shekara: bazara, damina, kaka, hunturu, sai kuma rani wanda ya rungumi duk watannin da ba a ruwa. Yakan haddace su cikin yini guda ya wuce gaba. Ni kuwa da na tashi a gidan da Hausa ce harshen cikinsa, sai da na shekara 23 a duniya kafin jikina ya san abin da uku daga cikinsu suke nufi.

A New Bell aka haife ni, a birnin Duwala na ƙasar Kamaru. Unguwar ta samo asali ne daga shirin Jamusawa na tayar da mutanen Duwala daga bakin kogin Wuri zuwa bayan gari, shirin da Rudolf Duala Manga Bell ya yi tsayin daka a kansa har suka rataye shi a 1914. Daga baya wurin ya zama masaukin baƙi, kakanninmu fatake da mahauta da malamai suka samu rabonsu a ciki. Sun zo da harshensu cif, har da kalandar da ke cikinsa, amma sararin samaniyar da suka tarar bai san da ita ba. Duwala na samun ruwan sama fiye da milimita 3,500 a shekara. Yakan fara tun wajen Maris, ba ya ɗaukewa sosai sai Nuwamba, kuma abin da ke zuba a watan Agusta kaɗai ya kusa kai na shekara guda a Kano. Daga Disamba zuwa Fabrairu ake samun sarari, shi muke kira rani, ko da yake gumi bai daina tsiyaya ba, ganye bai bushe ba.

Saboda haka damina muka sani, ita ma ba irin wadda ake marmari ba. New Bell ƙasa ce mai kwari, kwatoci sukan cika su tumbatsa cikin gidaje, wanki ya kwana uku a kan igiya ya soma funfuna. Duk da haka in dattijo ya ce, “Yaya ruwa?” amsarmu ita ce, “Ruwa ya yi gyara,” alhali muna tsaye cikin taɓo har idon sawu. Amsar manomin gero ce muka gada, muna maimaita ta a inda ruwa ya fi yin ɓarna. Sauran kalmomin kuwa a tatsuniya da hirar tsofaffi muke jin su. Yaron unguwarmu in ya ji an ce kaka, mahaifiyar babansa zai waiwaya ya nema.

Karatu ya kai ni Kano a ƙarshen Oktoba, ta jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, daga nan kuma a mota. Kaka na tarar: dammunan gero a kan amalanke, rake da sabuwar gyaɗa a bakin hanya, kiɗan biki kusan kowane mako. Sai a lokacin na ga dalilin da ya sa aure da dambe da kalankuwa suka taru a wannan lokaci, domin shi ne lokacin da rumbu ya cika, hannun talaka ya riƙe kuɗi.

Amma hunturu ne ya fi koya mini karatu. Wata safiya cikin Disamba na fito na ga rana kamar faifan azurfa, ana iya kallonta ido da ido, hazo ya shanye ƙarshen titi. Iskar arewa maso gabas ce ke ɗauko wannan ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ɗan abin da ke isa Duwala kuwa bai fi a ce sama ta yi dishi-dishi ba. Cikin mako guda leɓena ya tsage, dugadugaina suka yi faso, rigar da na wanke ta bushe kafin in gama karin kumallo. Wani abokin zamana, mutumin Gumel, ya miƙo mini man kaɗanya yana dariya, ya ce, “Malam, ai lokacinsa ne.” A nan na bambance kalmomi biyu da a gidanmu muka mayar ɗaya. Sanyi yana iya zuwa da danshi, kamar na daren marka ko na ruwan randa. Ɗari kuwa busasshe ne, yana yankan fata, shi ke tara mutane gindin wuta da asuba suna jin ɗumi. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham duk ina da su a lokacin, amma fatar hannuna ce ta yi mini fassarar da ta zauna.

Bazara ba sai na ja zance a kanta ba. A watan Afrilu ma'aunin zafi yakan kai 40, mu kwana a tsakar gida, kowa na duban gabas ko hadari zai haɗu. Abin da ya girgiza ni shi ne daren da ruwan farko ya sauka. Ni da na girma ina gudun ruwa, sai ga ni tsaye a waje tare da jama'a ina shaƙar ƙamshin ƙasa. Wanda ya yi wata bakwai bai ga ɗigo ba, in ya ce ruwa ya yi gyara, gaskiya tsagwaronta ya faɗa.

Wannan ne ya sa ba na goyon bayan jadawalin nan da ake yawan gani a littattafan koyon harshe, inda ake jera lokutan Turai huɗu a gefe guda, a ɗora musu bazara, damina, kaka da hunturu a ɗaya gefen. Kaka da hunturu sun ɗan yi kusa. Amma a kira lokacin da furanni ke tohowa a Faransa da sunan bazara, wadda a wurinmu ita ce ƙololuwar zafi da ƙarancin ruwan sha, wannan ɓatar da ɗalibi ne. Lokutan Bahaushe ba tsawonsu ɗaya ba, ba su kuma da ranar farawa a takarda. Aiki ne ke raba su: sharar gona, shuka, noma, girbi, sannan zaman jira. Akwai ma ƙanana a tsakani, kamar marka, wato tsakiyar damina da ruwa ke yini yana zuba, da agajeri, zafin nan da ke biyo bayan ɗaukewar ruwa. In da gaskiya za a bi, rabin shekarar Duwala marka ce.

Kalma ɗaya ce ta rayu sosai a New Bell, ita ce ci-rani. Asalinta manomi ne da ya gama girbi ya bar gida don ya rage wa rumbu baki, ya ci raninsa a wani gari, ya koma kafin shuka. Har yau akwai masu yin haka. In ka zaga wajen Kasuwar Kwango cikin watan Mayu, za ka ji wasu masu shayi da masu gyaran takalma suna sallama da abokan ciniki. Ruwan Duwala na dukansu tun Maris, amma ba shi suke lissafi da shi ba, na Damagaram ko Katsina suke jira, suna bugo waya gida suna tambaya ko an yi ruwan shuka. Wasu kuma sun shekara ashirin ba su koma ba, sun yi aure sun haifi 'ya'ya, ana nan ana kiransu 'yan ci-rani.

'Ya'yan ƙanwata da ke New Bell yanzu sukan lissafa lokutan Faransa huɗu ba gargada, domin a makaranta an koya musu. Da na tambayi babbar cikinsu mene ne hunturu, sai ta yi shiru, sannan ta ce, “Kawu, ba shi ne lokacin da kake aiko mana da hotonka sanye da rigar sanyi ba?” Na yi wa uwarta magana a bar mini ita ta yi hutun Disamba a Kano.