Mi As Same Shi? Tambayar da Inna Ta Yi Mini

Jama'a, ni Bagobiri ne daga wani ƙauye a ƙasar Isa, kuma akwai wata tambaya da mahaifiyata ta yi mini wadda har yau take ci mini tuwo a ƙwarya.

A shekarar 2024 na je hutu gida, sai na tarar da ɗan yayata, yaro ɗan shekara bakwai, yana kwance a kan tabarma. Cikinsa ya kumbura kamar tulu, ga zazzaɓi, ga amai, ga rama har ana ƙirga haƙarƙarinsa. An jiƙa saiwa, an sha rubutu, wasu ma har sun fara zancen sammu. Ɗakin shan maganin ƙauyenmu kuwa yana rufe tun da malamin asibitin ya gudu saboda 'yan bindiga. Inna ta dube ni ta ce, "Kai da kay yi boko, hwaɗa muna, mi as same shi?" Wallahi sai na sunkuyar da kai.

Ashe ba gidanmu kaɗai ba ne. A watan Maris na shekarar ne Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Sakkwato ta sanar da hukumar NCDC, mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa, cewa wata baƙuwar cuta ta ɓulla a Isa. A watan Afrilu hukumar ta ce mutum 164 ake zaton sun kamu, galibinsu yara 'yan shekara 4 zuwa 13, a mazaɓu shida, har da Bargaja da Tozai da Turba, kuma huɗu sun rasu. Daga baya aka ji ɗuriyarta a Sabon Birni. Gwajin farko ya nuna akwai dalma a jinin wasu daga cikin yaran.

Da na ji an ambaci dalma, sai gabana ya faɗi, domin na tuna Zamfara. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, ƙurar tana shiga abinci da ruwa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Mu dai tumaki biyu muka sayar, muka bi hanya da fargaba har Sakkwato, Allah kuwa ya sa yaron ya tashi. To, wanda ba shi da tunkiya fa? A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu. A ganina, ma'aunin wannan alkawari shi ne a buɗe ɗakin magani na ƙauye, a tsare ma'aikacinsa, a kuma riƙa auna ruwan rijiyoyinmu tun kafin yaro ya kwanta.

Amma laifi tudu ne. Bayanin da na kawo muku a nan, da Turanci na karanta shi, a jaridun da Inna ba za ta taɓa gani ba. Inda bayani bai kai ba, jita-jita ce take cike gurbin, maƙwabci ya zargi maƙwabci, ciwo kuma yana ta ci. Mu da muke nazarin Hausa, wa ya fi mu cancantar mu zauna da 'yan'uwanmu masu karatun likita, mu mayar da abin da suka sani cikin harshen da ake ji a Gatawa da Kurawa, a karanta shi a rediyo da masallatai da kasuwanni?

Ni dai na yi wa kaina alkawari, in na koma gida hutu mai zuwa, ba zan sake sunkuyar da kai a gaban Inna ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunar da ƙasar Gobir lafiya, amin.